Baftisma 41, Masu Sujada 7: Nazarin Abin Da Ya Faru Da Wata Majami'ar Ƙauye

Wurin da mutanensa

Ƙauyen yana kudancin jihar Kano, tafiyar kusan awa ɗaya a babur daga garin da ikkilisiyarmu take, in rani ne ke nan. Da damina kuwa sai abin da rafi ya ce. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan ambaci ɗarikarmu ba, domin mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu, kuma rabin kuskuren da ke cikin labarin nan nawa ne. Ni ne sakataren kwamitin bishara a waɗannan shekaru, littafin rajista a hannuna yake, duk lissafin da zan kawo daga cikinsa na ɗauko.

Mutanen wurin Hausawa ne manoma, irin waɗanda ake ce wa Maguzawa, ko da yake da yawansu ba sa son sunan yanzu. Ba gari ba ne a dunƙule. Gidaje ne warwatse, kowanne a tsakiyar gonakinsa, gida ɗaya sai ka tarar da mutum 30 ko fiye a ƙarƙashin maigida guda. Ana noman gandu tare, kowa kuma da gayaunarsa, har mata, kuma matan nan noma suke yi ba na wasa ba. Maigida shi ke riƙe da tsafin gida, shi ke yanka wa iskoki kafin shuka da bayan girbi. Giya ita ce ruwan zumunci, ba a gayya sai da ita, ba a biki sai da ita.

Bishara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Turawan mishan na SIM sun sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar Hausa, biyu daga cikin ukun farko, Walter Gowans da Thomas Kent, suka rasu a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan shiga masarautun Arewa, sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗu ta hanyar kula da kutare, a wurare irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Akwai ƙauyukan Maguzawa da yau jikoki ne ke riƙe da majami'ar da kakanninsu suka gina. Wannan ƙauye dai an tsallake shi, ina jin saboda rafin nan.

Disamba 2018 zuwa Ista 2019: taron kwana uku

Bayan an gama kai amfani gida, muka nemi izinin mai unguwa, muka tafi da mota biyu, janareto, lasifika, da majigin tarihin Yesu da Hausa. Matasa suka yi waƙa, 'yan Zumuntar Mata suka zo da tulunansu da caki, filin makarantar firamare ya cika maƙil. A daren ƙarshe da mai wa'azi ya yi kira, mutum 63 suka ɗaga hannu. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta sunaye da hasken tocila.

Aka buɗe ajin baftisma na Lahadi shida, wani dattijonmu yana zuwa daga gari. Ranar Ista, 21 ga Afrilu 2019, aka yi wa mutum 41 baftisma a wani tafkin da bai ƙafe ba. Kowa aka ba shi Sabon Alkawari. Kafin ruwan farko ya sauka mun tayar da majami'ar laka mai rufin kwano, kuɗin daga gari, magina daga gari, har bencina daga gari aka ɗauko su a a-kori-kura. Da na karanta rahoto a gaban ikkilisiya aka yi tafi aka yi guɗa. Har yau in na buɗe shafin ina ganin layi biyun da na ja a ƙarƙashin 41 ɗin.

Daminar 2019: bencina sun fara fitowa fili

Tsarin da muka yi na karɓa-karɓa ne. Kowace Lahadi mai wa'azi daban zai hau babur, ya isa wajen ƙarfe 10, ya yi awa biyu, ya juyo kafin hadari ya haɗu. A Yuni masu zuwa sujada sun koma 28. A Agusta rafi ya kawo, aka yi Lahadi 5 a jere ba wanda ya haye. Da aka koma a Oktoba, manya 7 aka tarar, mata biyar, maza biyu.

A Nuwamba kwamiti ya aike mu mu biyu mu bi gida-gida mu ji ko lafiya. Kwana huɗu muka yi. A wani gida muka tarar da wata mata tana sussukar dawa, ɗanta na goye da sabuwar laya a wuya. Ita ce ta fara shiga ruwa ranar Ista. Abokin tafiyata ya nuna layar ya ce, "Inna, wannan fa?" Ba ta daina aikinta ba ta ce, "Malam, da tsakar dare jikinsa ya ɗauki jijjiga, idanu suka kafe. Wa zan kira? Ku kuna birni. Boka kuwa ga gidansa can." Ba mu sami abin cewa ba.

Sauran abin da muka rubuta gajere ne. Maza uku da suka daina giya an daina zuwa musu gayya, ciyawa ta cinye gonar ɗayansu, ya ga ba zai iya ba ya koma. Samari tara sun tafi cin rani Kano da Abuja, ba wanda ya ba su ko sunan majami'ar da za su nema a can. Cikin mutum 41 da muka ba Sabon Alkawari, 3 ne kawai ke iya karatu. A wani ɗaki mun ga littafin an naɗe shi a leda an rataye a jikin azara, daidai inda ake rataye maganin tsari. Wani tsoho da bai taɓa zuwa majami'a ba, amma 'ya'yansa biyu suna cikin waɗanda aka yi wa baftisma, ya raka mu bakin hanya ya ce, "Kun ce su fito daga tsohon gida, sun fito. To ina ƙofar sabon? Ga su nan a tsaye cikin raɓa."

Disamba 2019 zuwa ƙarshen 2020: magani uku

Abu na farko da aka gwada kyauta ce. A Kirsimetin 2019 muka kai shinkafa, gwanjo, da alkawarin taki. Ranar mutane sun haura 80. Lahadi ta gaba 9. Abin bai tsaya nan ba, magana ta bazu a kasuwa cewa sayen mutane muke yi, mai unguwa ya kira mu ya ja mana kunne, makwabta Musulmi da a da ake gaisawa da su lafiya suka fara ja da baya. Su bakwai ɗin nan da suka tsaya tun farko kuwa ransu ya ɓaci, don sun ga wanda bai taka majami'a ba wata shida ya fi su samun zane.

Na biyu, muka sake taro a Fabrairu 2020, da janareto da majigi kamar da. Hannu 50 aka ɗaga. Da na zauna na gwada da tsohon shafi, 31 sunayen da na rubuta a 2018 ne.

Na uku horo ne. Wani dattijo ya kawo shawara a dakatar da duk wanda ya koma tsafi ko giya daga cin jibin Ubangiji. Aka rubuta takarda, aka je aka karanta ta a gaban bencina da mutum takwas. Waɗanda aka hora ba sa nan, wasunsu ba su ma taɓa cin jibin ba balle su ji zafin hana su.

Sai korona ta shigo. A ƙarshen Maris 2020 aka hana taruwa, a Afrilu aka kulle Kano. Ko bayan an buɗe, ƙafarmu ta riga ta yi sanyi. Da na leƙa a Disamba, an jingine kara a bayan majami'ar, ciki kuwa kashin awaki ne.

Janairu 2021: mai bishara ya tare

Kwamiti ya rabu biyu, wasu na cewa a kwashe kwanon a kai wani wuri. Ana cikin haka Baba Fasto ya kawo sunan wani mutum, manomi mai shekara kusan 50, jikan Maguzawa ne daga wata ƙaramar hukuma, ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, ba ya jin Turanci. Tura iyali su je su zauna cikin mutane ba sabon abu ba ne. Haka ƙungiyar EMS mai aika masu bishara 'yan ƙasa take yi tun daga ƙarshen shekarun 1940, da shi aka kafa majami'un karkara masu yawa a Arewa. Mu ne dai muka ga hanyar ta yi mana jinkiri.

Sharaɗi uku ya kafa mana. A nema masa aron gona. Kada a kawo janareto, ko baƙin masu wa'azi, ko kyauta, har shekara guda. Kada kuma a tambaye shi lissafi sai bayan damina biyu. Na ukun nan ni ya fi yi wa ciwo, amma aka yarda. Aka yanka masa ɗan alawus da buhun masara biyu, ya tare da matarsa da 'ya'ya uku a wani ɗaki da tsohon nan mai maganar raɓa ya ba shi aro.

Watanni shidan farko, in ka tambaye ni a lokacin, zan ce ba abin da yake yi. Ya share majami'a, ran Lahadi shi da iyalinsa da mutum bakwai ɗin. Sauran kwanaki yana gona, ko gaisuwar mutuwa, ko barkar haihuwa. Duk gayyar da aka kira yana sahun gaba da fartanyarsa, in an kawo giya ya ce a ba shi kunu, bai taɓa buɗe baki ya yi wa'azi a kan tulun wani ba. Lokacin maimai ya kira tasa gayyar, da tuwo da kunun zaƙi da ɗan akuya. Tsohon da ya ba shi masauki ya yi dariya ya ce, "Malam, gayya ba giya ai zaman makoki ne." Mutum 11 suka zo, don kunyar gumin da ya zubar a gonakinsu. Daga nan masu bi da aka daina zuwa musu gayya suka ga ashe akwai yadda za a yi.

A Satumba ɗan matar nan da muka tarar tana sussukar dawa ya sake kamuwa da dare. Wannan karon ƙofar Malam ta buga. Ya ɗora hannu ya yi addu'a a tsakar gida, ya goya su a babur, aka taya shi tura shi cikin ruwa iya gwiwa, suka kai ƙaramin asibiti kafin asuba. Zazzaɓin cizon sauro ne. Yaron ya tashi. Bai ce mata ta cire layar ba. Bayan mako uku matarsa ta lura babu ita.

Kakar 2021 zuwa ranin 2022: ajin karatu

Nan ne ainihin aikin, don haka zan ɗan daɗe. Ana gama girbi ya shafa wa wani katako baƙin batir, ya sayi fitila mai cajin rana, ya buɗe aji dare huɗu a mako, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Karon farko ajin ya watse cikin mako biyu. Ya haɗa kowa wuri ɗaya, ya manta da kunyar surukuta: magidanci ba zai tsaya yana tuntuɓe da baƙaƙe a gaban matar ɗansa ba, ita ma ba za ta ɗaga murya a gabansa ba. Shi da kansa ya ce kuskurensa ne, ɗan gida bai kamata ya yi shi ba. Ya raba ajin, maza da dare a zaure, mata da hantsi tare da matarsa, yara ran Asabar.

Ana haɗa baƙi da wasali, da an fara iya jera kalmomi sai a shiga Bishara ta hannun Markus, don gajera ce kuma labari ne a jere. Doka ɗaya ce a ajin. Duk labarin da aka koya yau, kafin haɗuwa ta gaba sai ka ba wa wani wanda ba ɗan aji ba, ka dawo ka faɗi wa ka ba, da tambayar da ya yi maka. Ba a cewa ka tubar da kowa. Labari kawai, da tambaya. Tambayoyin nan su suka zama darasin mako mai zuwa. Na halarci dare ɗaya da wani ya dawo da tambayar yayansa a kan labarin mai aljanun ƙasar Garasinawa da Yesu ya warkar: in Yesu ya kori iskoki daga gida, wa zai tsare gonar? Awa biyu aka yi a kanta. Malam bai ba da amsa nan take ba, ya sa aka buɗe wurin da iska da teku suka yi masa biyayya, mutum uku suka karanta da ƙyar, yatsa a kan layi, sannan ya ce, "To, ku me kuka gani?"

Matarsa kuwa rabin koyarwarta a bakin turmi da rijiya take yi, da waƙa. Matan da har yau ba su iya rubuta sunansu ba sun haddace labaran da ni sai na duba.

Abin da bai yi tasiri sosai ba shi ne na 'yan cin rani. An zuba musu karatun Littafi Mai Tsarki na murya a katin waya. Sun ce suna ji. Amma da suka dawo, biyu ne kawai cikin tara suka shiga aji, kuma su biyun ɗaki ɗaya suka kama a Kano.

Agusta 2022: mutuwar maigida

Tsohon da ya ba Malam masauki ya rasu. Babban ɗansa mai bi ne, shi kuma al'ada ta ce ya gaji gandu tare da tsafin gida. Ƙannen uban suka ce ko ya karɓi duka ko ya bar duka. Mu a gari da muka ji, wasu suka ce a aika masa kada ya ko taka wurin makoki. Malam ya roƙe mu mu yi shiru.

Dare bakwai yana zama da mutumin, suna karatu, suna addu'a, bai yanke masa hukunci ba. A ƙarshe shi magajin ya tara dangi a gaban mai unguwa ya ce, "Baffa, girman gida naku ne, ku riƙe. Wuƙar yanka ba zan taɓa ba. Amma iyayena mata cinsu da suturarsu a wuyana, hatsin makoki ma ni zan fitar." Aka karɓe fadamar da ta fi kowace gona albarka aka ba wani. Mutum biyu da suka ga haka suka janye daga majami'a, suka ce su ba za su iya wannan asara ba. Sauran suka yi masa gayya a tudun da aka bar masa, har da mutum huɗu da ba masu bi ba.

2023: kuɗi ya yanke

A farkon shekara canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani, baikonmu a gari ya faɗi. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, zuwa ƙauyen ya gagare mu. Wata huɗu Malam bai ga alawus ba. Ban ji daɗin rubuta wannan ba, amma haka aka yi.

Da kaka masu bi suka gina ɗan rumbu a gefen majami'a, ba wanda ya sa su. Baiko ya koma dami da tiya. Daga ciki ake ciyar da gidan Malam, da gwauraye biyu, da baƙo.

A ranin nan ne kuma fita ta fara. Wata 'yar ƙauyen da aka aurar hayin rafi ta zo ganin gida, ta zauna ajin mata kwana uku, da za ta koma ta ce ina ma a zo a ba kishiyoyinta labaran nan. Malam ya ƙi zuwa. Ya karanta musu yadda Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu a Luka sura 10, ya ce uwar yarinyar da wata su je, ai gidan surukai ne, ba mai tambayarsu me ya kawo su. Suka riƙa zuwa duk ranar kasuwa. Sai bayan wata biyar ya taka wurin, shi ma don maigidan can ne ya aiko a kira shi. Magajin da ya rasa fadama shi da wani suka ɗauki wata unguwa ta gabas, inda kawunnansa suke.

Ista 2024: abin da rajista ta nuna

Ranar 31 ga Maris 2024 aka yi wa mutum 14 baftisma, bayan shekara guda a aji. Tara daga cikinsu ta bakin 'yan ƙauyen suka fara jin bishara, ba ta bakin Malam ba. Masu zuwa sujada manya suna kai 40, kuma a Agustan da ya gabata ba a rufe ƙofa ko sau ɗaya ba, domin maza uku na iya jagorar sujada in Malam ba ya nan. Masu iya karatu 22.

Su 41 na farko ga yadda suka kasu: 19 suna nan daram, 6 sun ƙaura ko sun rasu, 5 sun musulunta, 11 sun koma al'adar gida ko suna tsaka-tsaki. Ana gaisawa da kowa, ana zuwa wa juna biki da makoki.

Abin da na gani

Umarnin da ke ƙarshen Matiyu sura 28 ya haɗa tafiya, da almajirtarwa, da baftisma, da koya wa mutane su kiyaye duk abin da aka umarta. Mu mun ɗauki biyun da ake iya gamawa cikin mako guda a rubuta a rahoto, muka bar biyun da ke cin shekaru. Ba na cewa taron 2018 banza ne, su 19 ɗin nan a can suka fara ji. Amma mun raba mutane da bokansu, da gayyarsu, da mai yi musu yanka, ba mu sa komai a gurbin ba sai baƙon awa biyu ran Lahadi. Kyauta da taro na biyu da horo duk sun faɗi ne don ciwo ɗaya muka yi wa gurguwar fahimta: mun zaci sanyin zuciya ne, alhali rashin makiyayi ne.

Abin da ya yi aiki, a ganina, ba baiwar wa'azin Malam ba ce, don gaskiya akwai waɗanda suka fi shi iya magana nesa ba kusa ba. Yana nan ne da tsakar dare. Ya sa littafin ya sauko daga azara ya shiga hannu. Ya kuma ɗora wa kowa nauyin ba da labari tun ranar farko, bai jira sai sun ƙware ba, irin abin da Bulus ya gaya wa Timoti, ya danƙa wa amintattu waɗanda za su koya wa waɗansu. Yankewar kuɗinmu ma, ko da yake abin kunya ne, ita ta nuna musu majami'ar tasu ce. Ina zargin da mun bar su sun kwaɓa lakar ginin da kansu tun 2019, da awaki ba su kwana a ciki ba.

Da sauran aiki. Samarin cin rani har yanzu zubewa suke yi. Giya ba ta bar wasu magidanta ba. Malam gwiwa ta fara damunsa, hawan babur na yi masa wuya. A zaman kasafin da ya biyo baya kwamiti ya soke kuɗin gyaran janareto, ya ware shi don tura iyali na biyu hayin rafi. An yi sanarwa sau uku a majami'armu ta gari mai mutum ɗaruruwa, ni ma ina zaune a ciki, ba wanda ya miƙe. Sunan da ke gaban kwamiti yanzu na magajin nan ne da ya rasa fadama, shi ya kawo kansa, ya ce a bar shi ya cire dawarsa tukuna.